Ranar da Mama Ta Durƙusa a Titin Majalisa

A gidanmu idan Mama ta ce "Mu yi addu'a," gara mutum ya fara zagayawa bayan gida, ya sha ruwa, ya yi sallama da abokansa, domin ba a san ranar dawowa ba. Tana farawa daga halittar duniya, ta bi ta kan dangin Baba ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda ba sa gaishe mu, ta ratsa Najeriya jiha jiha, kafin ta iso kan jarrabawar lissafina. Kuma da zarar ta rufe ido, ta bar ƙasar nan. Akwai ranar da miya ta ƙone, na'urar hayaƙi ta yi ta tsala ihu har maƙwabcinmu na sama ya sauko da kyanwarsa a hammata, Mama kuwa sai ta ƙara ɗaga murya don kada ƙarar ta hana Ubangiji jin ta.

Haka aka rene ta a zumuntar mata a Jos. Ba a buɗe ido, ba a amsa kira. Kuma idan babba ya durƙusa, ƙarami ba ya tsayawa ƙerere a kansa.

Mun zo Amurka ina firamare, yanzu shekarata sha shida, amma har yau katin zamanmu na dindindin yana kan hanya. Ban san ta inda ya biyo ba, ina jin da ƙafa yake tahowa. Lauyan da ke riƙe da maganar ya ja wa Baba kunne a kan abu ɗaya: kada wani a cikinmu ya kuskura ya shiga hannun 'yan sanda, ko da kamun safe ne a saki da rana, domin za a tambaya, kuma amsar tana iya mayar da mu inda muka fito. Tun daga ranar Baba yake tuƙi kamar yana ɗauke da ƙwai a ka. Idan motar 'yan sanda ta wuce da jiniya ta gaban gidanmu a Greenbelt, cokula sukan tsaya a iska har sai ƙarar ta yi nisa. Ina yi wa Baba dariya a kan haka, amma nawa cokalin ma yana tsayawa.

Cocinmu a Beltsville na kowa da kowa ne, Turawa da 'yan Ghana da 'yan Kamaru, sai mu 'yan Filato da Kudancin Kaduna da muke cika layi guda muna gulma da Hausa. Wata Lahadi a cikin azumin kafin Ista, Fasto ya gabatar da baƙo, wani dattijo mai dogara sanda, kansa fari fat. Ya ce shi Bafalasɗine ne, kusa da Baitalami aka haife shi, kuma Kirista ne tun daga kakannin kakanninsa.

Mama ta zungure ni da gwiwar hannu. "Ke, Kirista ya ce?"

"Haka ya ce, Mama."

"A Falasɗinu?"

"Mama, ai a garinsu aka haifi Yesu."

"Rufe min baki, na fi ki sani."

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce jikokin ƙanwarsa suna fake a cikin wani coci a Gaza, suna kwana tsakanin bencina, ruwan sha ma sai an auna. Ya ce a unguwarsa a Annandale yana da maƙwabciya Bayahudiya da aka yi garkuwa da wani ɗan danginta, kuma su biyun sukan zauna a ƙofar gida su yi shiru tare, don kowa ya rasa abin da zai ce wa ɗan'uwansa. Da ya zauna, Fasto ya sanar cewa coci-coci za su haɗu a gaban majalisar dokoki su yi addu'a, su roƙi a tsagaita wuta, a saki waɗanda aka kama, a bar abinci ya shiga.

Na waiwaya na ga Mama tana share ido da bakin ɗankwali. Na san dalili, ko da yake ba ta son zancen. A rikicin Jos, wata maƙwabciyarmu Musulma ce ta zura mata hijabi ta fitar da ita daga unguwa, ni ina goye, aka kwana a barikin soja a kan siminti.

Baba bai ji daɗin maganar ba. Shi ya taɓa zuwa ziyarar Urushalima, yana da kwalbar ruwan Kogin Urdun a saman talabijin wadda ko ƙuda bai isa ya sauka a kanta ba.

"Wannan ba rigimarmu ba ce," in ji shi a kan tuwo. "Mu da muke zaman aro a ƙasar mutane?"

"Maigida, addu'a za mu yi. Jifa ka ji an ce?"

"Kin manta abin da lauya ya faɗa?"

"Ban manta ba. Amma yara suna kwana a coci, kai ma ka ji da kunnenka."

Baba ya daɗe yana juya loma a cikin miya. Ranar yana da aiki, ba zai iya zuwa ba. "To ki tsaya a gefe. Ki yi min alkawari."

"Na yi."

Sai ya nuna ni da yatsa. "Ke kuma ki bi ta. Kin ga 'yan sanda sun matso, ki jawo ta gida."

Ni ke nan aka naɗa dogari, ni da ko kyankyaso na gani sai na haye kujera.

Fasto ya ce a hallara da wuri a wani coci kusa da majalisa, za a yi bayanin yadda taron zai gudana. Amma Mama ba ta zuwa taron Allah hannu rabbana. Ta tashi ta soya ƙosan da zai ciyar da Washington da kewaye, ta ɗaura zanin zumunta, ta canza ɗaurin ɗankwali har na gaji da riƙe madubi. A cikin jirgin ƙasa duk wanda ya shigo sai ya ɗaga hanci yana neman inda ƙamshin yake. Kafin mu isa an gama bayani, jama'a sun riga sun kama hanya da kwalaye a sama, suna waƙa a hankali.

Ban taɓa ganin 'yan sanda da yawa haka ba. Wasu a kan kekuna, wasu a tsaye sun jeru, ga wata doguwar farar mota a gefe ƙofarta a buɗe, babu kowa a ciki. Ina ganin motar nan na san an zo da ita ne a cika ta.

Mama tana can tana tura wa Turawa ƙosai a hannu, sai wata budurwa mai rigar masu kula da taro ta tsayar da ni. Ta ce in saurara da kyau tunda mun makara. Wasu fastoci da dattawa sun shirya za su shiga tsakiyar titi su durƙusa su tare hanya, da gangan, har a kama su, don 'yan majalisa su san da gaske ake. 'Yan sanda za su yi gargaɗi sau uku. Bayan na uku, duk wanda aka samu a kan kwalta an tafi da shi. Ta dube ni ta ce, wanda duk ba ɗan ƙasa ba ne kada ƙafarsa ta sauka daga dakalin gefen titi.

Na ruga na kamo zanin Mama. "Mama, an ce za a kama waɗanda suka shiga titi."

"Masu neman rigima ke nan. Mu ina ruwanmu? Riƙe min wannan." Ta ɗora min robar ƙosai.

A kan Mama, wanda ake kamawa shi ne mai jifa, mai ƙona taya, mai zagin gwamna. A duk rayuwarta ba ta taɓa ganin an taɓa mai addu'a ba. Ni kuma da na ga ta tsaya a kan dakali kusa da ni, sai na saki jiki. Har na ci ƙosai biyu.

Waƙa ta tsaya. Fastoci suka sauka kan titi a jere, wasu da farin wuyan riga, akwai ma wata tsohuwa mai 'yar hular Yahudawa. A can ƙarshen layi na hango dattijonmu. Ya ba wani sandarsa, ya fara sauka ƙasa da ƙyar, gwiwa ɗaya, ya huta, sannan ɗayar. Kwaltar akwai sanyi, iska tana kaɗa gashinsa.

Na ji Mama ta ce, "Wayyo, Baba tsoho a kan tsakuwa, mu muna tsaye kamar gumaka!"

Kafin in haɗiye abin da ke bakina ta sauka. Ta kwance zanin da ta yafa a kafaɗa, ta ninka, ta ɗaga gwiwoyin dattijon ɗaya bayan ɗaya kamar yadda take yi wa tsofaffin da take jinya, ta shimfiɗa masa. Na ce to, yanzu za ta dawo. Sai na ga ta gyara ɗaurin zaninta, ta durƙusa a gefensa, ta rufe ido.

Robar ƙosai ta suɓuce daga hannuna.

"Mama!" Ko gezau. "Mama, ki taso!" Leɓunanta sun riga sun fara motsi. Na san wannan fuskar. An tafi halittar duniya.

Wani ɗan sanda ya ɗaga lasifika ya yi gargaɗi na farko, a natse, kamar mai sanar da tashin jirgi. Waɗanda suka bi fastoci don ɗaukar hoto suka dawo kan dakali. Titi ya rage daga masu durƙuso sai 'yan sanda, ga zanin zumuntar Mama yana walƙiya a tsakiyar baƙaƙen kwat, ko daga saman kubbar majalisa za a gane ta.

Na kira Baba. Wayarsa tana cikin akwatin ajiya a wurin aiki, na sani, amma na kira. Na nemi Fasto, ashe yana cikin layin, idonsa a rufe shi ma. Na kama hannun budurwar nan ina magana Hausa da Turanci a cakuɗe, ta ce ita ma ba ta da izinin sauka, in yi ta kira da ƙarfi. Na yi ta kira. Na kira ta Mama, na kira ta Uwar Zumunta, har sunanta na yanka na kira, abin da a ranar lafiya zai sa a yi jana'izata kafin yamma. Ba ta motsa ba.

A tsayen nan na ga komai. Na ga Mama a cikin farar motar. Na ga lauya yana girgiza kai. Na ga Baba yana ɗaure akwatuna, ya naɗe kwalbar ruwan Urdun a cikin singileti. Na ga kaina a aji a Jos ana dariyar yadda nake furta Turanci. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda zan buɗe ƙofar gida ni kaɗai, Baba ya leƙa bayana ya ga babu kowa.

Aka yi gargaɗi na biyu. 'Yan sanda suka fara ciro wasu fararen igiyoyin roba daga ɗamararsu, suna raba wa juna.

Ban san lokacin da na sauka ba. Na tsallaka na isa wurinta, kuma da yake ba a yi wa Mama magana daga sama, sai na durƙusa na kai bakina kunnenta.

"Mama, don Allah ki tashi. Kama mu za a yi."

Ta lalubo hannuna ta damƙe, idonta a rufe. Muryarta ta ƙara ƙarfi. "Na gode maka, ya Uba, yau ka taɓa zuciyar yarinyar nan mai taurin kai, ka kawo ta gabanka da ƙafarta."

"Mama, ba tuba na zo yi ba!"

"Ka dubi 'ya'yan Gaza, ka dubi 'ya'yan Isra'ila da ke hannun mutane, ka dubi iyayensu mata da ba sa barci."

Na ja hannuna, ta ƙara matsewa. Hannun da ke ɗaga manyan mutane daga gado ne, ko ɗan dambe ba zai ƙwace ba. Yanzu mu biyu ne a kan kwalta. Baba ya aiko dogari ya dawo da mutum ɗaya, ga shi za a tafi da biyu. Na fashe da kuka, irin mai majina, babu ko kunyar masu ɗaukar hoto.

Inuwa ta rufe mu. Wasu baƙaƙen takalma suka tsaya daf da gwiwata. Wata 'yar sanda ce, ta tsuguna har fuskarta ta zo daidai tawa, igiyoyin roba suna lilo a ƙugunta. Ta tambaye ni da Turanci, a hankali, shekarata nawa, kuma da wa na zo.

Ihuna bai buɗe idon Mama ba, lasifika bai buɗe ba. Amma da ta ji baƙuwar murya tana yi wa 'yarta tambaya, sai idon ya buɗe tar. Ta dubi 'yar sandan. Ta dubi igiyoyin. Ta waiga ta ga dakali cike da mutane, titi kuwa babu kowa sai mu da layin tsofaffi. Na ga lokacin da abin ya shige ta.

"Masu addu'ar za a kama?" ta tambaye ni da raɗa.

"Su ne, Mama. Tun ɗazu nake faɗa miki."

'Yar sandan ta ce mana gargaɗi ɗaya ya rage, idan ba mu cikin waɗanda suka shirya, yanzu ne lokacin tashi. Ta miƙe ta koma layinsu.

Na ɗauka Mama za ta zabura. Sai ta juya ta dubi dattijon, ta kasa. Ba za ta iya tashi ta bar babba a ƙasa ba. Na ce a raina shi ke nan, kunya za ta kai mu Jos.

Dattijon ya buɗe ido. Ina jin kukana ne ya dame shi. Na gaya masa da Turanci, ina shessheƙa, cewa ba mu da takardu tukuna. Fuskarsa ta canza. Ya dafa kafaɗar Mama.

"'Yata, tashi," ya ce. "Ni na daɗe da zama ɗan ƙasa, kafin yamma za su sake ni, jikana yana jira da mota. Ke ba haka ba ne. An raba iyalai da yawa, kada a ƙara da naki saboda ni. Tashi ki ɗauki yarinyarki."

"Baba, gwiwarka," in ji Mama.

"Ga zaninki a ƙarƙashinta. Je ki."

Ta yunƙura, ƙafarta ta riƙe. Na shiga ƙarƙashin hammatarta na ɗaga, ban san ina da wannan ƙarfin ba. Muna tafe muna tangaɗi kamar waɗanda suka sha burkutu, sai lasifika ya fara gargaɗi na uku. Titin da na tsallaka ɗazu ya zama faɗin Kogin Binuwai. Mutanen dakali suka miƙo hannuwa, wani ya kama ni, wata ta kama Mama, aka fizge mu sama. Mai lasifika bai rufe baki ba sai da ƙafar Mama ta bar kwalta.

Daga nan muka kalli sauran. Ba duka, ba zagi. Ana zuwa wurin kowa a yi masa magana, a ɗaga shi, a ɗaure hannuwansa. Da aka zo kan dattijon, mutum biyu suka tallafe shi, aka ɗaure nasa ta gaba saboda tsufa. Jama'a suna waƙa, Mama ba ta yi ba. Ta riƙe wuyan rigata ta baya kamar za a sace ni, har aka rufe ƙofar farar motar.

A jirgin komawa muka wuce tashoshi da dama. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wa ya ce ki sauko?"

"Baba ne ya ce in jawo ki."

"Da an kama ki fa?"

"Da an kama ki fa, Mama?"

Ta gyara ɗankwali. Can ta ce, "Kuma na ji sunan da kika kira ni da shi. Za mu yi maganar." Amma hannunta yana kan gwiwata har Greenbelt.

Ita ta gaya wa Baba da bakinta, tun bai cire takalmi ba, ba ta rage komai ba. Baba bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ɗauki waya ya shige ɗaki ya kira lauya. Muna jin muryarsa ta bango yana ta cewa "E, ranka ya daɗe" da Hausa, ga mutumin da ko sannu bai sani ba. Da ya fito ya ce lauya ya tambaya ko an rubuta sunanta, ko an ɗauki hoton yatsunta. Tunda ba a yi ba, babu abin da za a amsa. Amma ya ce kada a sake.

Baba ya zauna a kan kujera kamar an zare masa ƙashi. Sannan ya ce, "Shi dattijon, an sake shi?"

Mama ta kira matar Fasto. An sake su duka, dattijon yana gida yana shan shayi, ya ce a gaishe da matar nan mai zani.

Katin bai zo ba har yanzu. Na shafe makonni ina bin hotunan taron a waya ina neman fuskar Mama, na same ta a guda biyu, a durƙushe, ni a gefenta baki a wangame kamar ana cire min haƙori. Ban nuna wa Baba ba. Lauya ya ce hoto ba kamu ba ne, na kuma yarda da shi, amma duk ranar da na ga doguwar ambulan a akwatin wasiƙunmu, sai na tsaya na karanta inda ta fito kafin in iya hawa bene.